Fararen Ɗige-ɗige a Hoton Mama da Dangantakarsu da Sankara

Daga cikin mas'alolin da ilimin likitanci na wannan zamani ya zo da su, waɗanda kakanninmu ba su san da su ba domin ba su da na'urar da za ta nuna musu, akwai mas'alar 'yan ɗige-ɗigen sinadarin kalsiyam da akan gani a cikin maman mace idan an ɗauke ta hoton mamogiram, watau hoton eksire da aka keɓe wa mama kaɗai. Mace za ta je asibiti lafiyarta lau, ba ta jin zogi, ba ta taɓa wani ƙullutu ba, babu ruwa ko jini da ke fita daga kan nononta, sai a miƙo mata takarda a ce an ga wani abu, ta dawo a sake ɗauka. Daga wannan sa'a kuwa barci ya ƙaurace mata, ita da maigidanta da mahaifiyarta, alhali abin da aka gani sau da yawa bai kai ƙwayar gero ba, kuma galibi ba shi da wata illa. Amma da yake a wani lokacin wannan ɗan ɗigo shi ne abu na farko da sankara ke nunawa, tun kafin hannu ya iya jin ta da daɗewa, ya wajaba a zauna a warware mas'alar a tsanake, don kada fargaba ta gallabi mai lafiya, kada kuma sakaci ya halaka mai cuta.

Shi kalsiyam sinadari ne da Allah Ya gina ƙashi da haƙori da shi, kuma yana yawo a cikin jinin kowane ɗan Adam. Daga cikin al'adar jiki kuwa akwai cewa duk inda wasu ƙwayoyin halitta suka mutu, ko wani ruwa ya kwanta ya daɗe bai gudana ba, ko wani rauni ya warke ya bar tabo, sai wannan sinadari ya riƙa taruwa a wurin sannu a hankali har ya daskare. Da yake hasken eksire ba ya ratsa shi da sauƙi, kamar yadda ba ya ratsa ƙashi, sai ya fito fari fat a kan hoto. Ya kamata a kawar da wani zato tun daga nan: yawan shan madara ko nono, ko ƙwayar kalsiyam da akan ba masu juna biyu da tsofaffi, ba shi ne sababin waɗannan ɗige-ɗige ba, barin shan su kuma ba ya gusar da su, domin asalin al'amarin yana ga abin da ya auku a naman wurin.

Tarihin gano su ya kusa yin tsara da tarihin eksire kansa. Wilhelm Röntgen ya gano wannan haske a Jamus a shekarar 1895, ba a cika shekara ashirin ba sai wani likitan fiɗa na birnin Barlin mai suna Albert Salomon, a 1913, ya ɗauki hoton mama kimanin 3,000 waɗanda aka riga aka yanke daga jikin majinyata, yana gwada abin da hoto ya nuna da abin da ya gani a ƙarƙashin madubin bincike, har ya lura da wasu ƙananan ɗige-ɗige a tsakiyar sankarar. Aikinsa ya daɗe a ajiye ba a ci moriyarsa ba, shi kansa kuma aka raba shi da muƙaminsa bayan da 'yan Nazi suka hau mulki a 1933, saboda Bayahude ne. Sai wajen 1950 wani likitan hoto na birnin Montevideo a ƙasar Yurugwai, Raúl Leborgne, ya nuna cewa idan aka danne mama aka baje shi kafin a ɗauka, hoton yakan fito sarai a jikin mace mai rai, ya kuma siffanta ɗige-ɗigen da ke tare da sankara da cewa sun yi kama da barbaɗin gishiri, ya ce yana ganinsu a kusan kashi 30 cikin 100 na sankarar da ya bincika. Wannan dannewa da ya ƙago ita ce har gobe mata ke kuka da ita a ɗakin hoto, inda akan sa mama tsakanin faranti biyu a matse na 'yan daƙiƙoƙi. Da zafi kam, amma in ba da ita ba, ɗigon da bai kai rabin milimita ba ɓacewa zai yi a cikin kaurin nama.

Likitoci sun kasa ɗige-ɗigen gida biyu, manya da ƙanana. Manyan, waɗanda ake gani ɓaro-ɓaro, abin da shekaru ke kawowa ne, har an ƙiyasta cewa ana samunsu a kusan rabin matan da suka haura shekara 50, da kamar ɗaya cikin goma na waɗanda ba su kai ba, kuma kusan dukkansu ba su da haɗi da sankara. Sabubbansu suna da yawa. Akwai ƙullutun nan mai santsi da ke zillewa a ƙarƙashin yatsa, wanda 'yan mata kan samu, wanda idan ya tsufa ya motse sai ya daskare ya fito a hoto kamar gugguru. Akwai kitsen da ya mutu bayan bugu ko haɗarin mota ko tiyata, wanda kan yi zobe fari da tsakiya baƙa. Akwai 'yan jakunkunan ruwa da kalsiyam ke kwantawa a gindinsu, da tsofaffin magudanan nono da suka buɗe suka cika da daskararren ruwa bayan an gama haihuwa da shayarwa, da zaren ɗinki, da tabon gashin da aka yi wa mama da na'ura. A ƙasashenmu na Afirka ta Yamma kuma akwai wani sababi da likitan Turai ba ya cika haɗuwa da shi sai a jikin baƙi, shi ne tsutsar da ke haddasa tundurmi da danginta, wadda idan ta mutu a cikin nama takan daskare ta fito a hoto a murɗe kamar guntun zare. Wanda bai san ta ba yana iya ɗaukarta wani abin tsoro. Wani lokaci ma abin ba a cikin jiki yake ba sam, hoda ce ko man shafawa ko turaren hammata irin na zamani ya bar gari a kan fata, shi ya sa ake gargaɗin mace kada ta shafa kome a ƙirji da hammata ranar da za ta je hoto.

Wani nau'i daga cikin waɗannan ya cancanci a ɗan tsaya a kansa, ko da yake ya fita daga babin sankara, shi ne kalsiyam da ke bin bangon jijiyoyin jini na mama, yana fitowa layi biyu a jere. Da can likitan hoto yakan wuce shi bai ko ambata ba, amma bincike na baya-bayan nan ya nuna cewa matan da ke da shi sun fi fuskantar ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki, kuma an fi ganinsa ga masu ciwon sukari da ciwon ƙoda. Wadda aka gaya mata tana da irin wannan, abin da ya kamace ta shi ne ta auna hawan jini da sukari.

Ƙananan su ne inda gizo ke saƙa, kuma ba za a fahimci dalili ba sai an dubi yadda aka halicci mama. A cikinsa akwai 'yan gidaje inda ake haɗa ruwan nono, daga nan ruwan ya bi wasu siraran magudanai masu rassa, ƙanana suna zubawa a manya, har su taru a kan nono. Kowace magudana kuma an shimfiɗe cikinta da ƙwayoyin halitta, an kewaye ta da wani siririn bango. Mafi yawan sankarar mama daga waɗannan ƙwayoyi take farawa. Idan suka ɓaci suka shiga hayayyafa ba bisa ƙa'ida ba, da farko a cikin magudanar suke tsayawa, suna cika ta, ba su fasa bango ba. Da yake kuma babu jijiyar jini a cikin magudanar, abinci daga bayan bango yake zuwa, sai waɗanda ke can tsakiya su rasa abin rayuwa su mutu, gawarsu ta kwanta a tsawon magudanar, kalsiyam ya zo ya hau kanta. Shi ya sa ɗige-ɗigen wannan hali sukan fito sirara, a kakkarye, a jere, suna yin rassa daidai da yadda magudanar ta yi, tamkar an zuba mata farar dalmar da ta ɗauki siffarta. Wannan mataki, wanda likitoci ke taƙaita sunansa da DCIS, watau sankarar da ba ta bar mazauninta ba, shi ne matakin sifili. Muddin ba ta keta bango ba, ba ta da hanyar shiga jini ko kaluluwar hammata, kuma kusan duk wadda aka yi wa magani a nan takan tsira. Galibinsa ba ya yin ƙullutun da za a taɓa, kimanin 8 cikin 10 ko fiye ta hanyar ɗige-ɗigen nan kaɗai ake gano shi. Kafin mamogiram ya yaɗu nadiri ne a gan shi, yau kuwa a Amurka ya kai kusan ɗaya cikin biyar na sankarar mama da ake ganowa.

To, ta yaya likita zai bambance? Malaman fiƙihu sun rarrabe tsakanin alamar da ke sa alƙali zato da hujjar da yake yanke hukunci da ita, sun kuma jera martabobin sani daga wahami zuwa shakka, zuwa rinjayen zato, zuwa yaƙini. Aikin likitan hoto bai wuce na mai auna alama ba, kuma abu biyu yake dubawa, siffar ɗige-ɗigen da yadda suka zauna. Idan kewayayyu ne, masu santsin gefe, masu kama da juna, sun watsu ko'ina a mama biyu, hankali yakan kwanta. Idan suka dunƙule wuri ɗaya, biyar ko fiye a cikin abin da bai wuce santimita ɗaya ba, sai a sake ɗauka da ƙarin girma a duba su ɗaya-ɗaya. Waɗanda suka yi dishi-dishi ba a iya tantance siffarsu, kamar ɗaya cikin biyar ne kan zama sankara. Waɗanda suka saɓa wa juna a girma da siffa, kusan uku cikin goma. Sirara masu rassa kuwa, wajen bakwai cikin goma, musamman in suka bi layin magudana ɗaya suka nufi kan nono. Ana kuma gwada sabon hoto da tsoho, domin ɗigon da ya shekara da shekaru bai sauya ba ya fi wanda ya ƙaru kwantar da rai, ko da yake mummunar siffa ba a yafe mata don ta daɗe.

Don kada kowane likita ya riƙa magana da harshensa, Kwalejin Likitocin Hoto ta Amurka ta fitar da wani ma'auni a farkon shekarun 1990 mai suna BI-RADS, wanda yanzu ake aiki da shi a yawancin duniya har da asibitocinmu, kuma lambarsa tana nan a ƙarshen takardar sakamako. Sifili yana nufin hoton bai wadatar ba, a ƙara. 1 da 2 lafiya. 3 rinjayen zato lafiya ne, yiwuwar sankara ba ta wuce 2 cikin 100 ba, sai a dawo bayan wata shida. 4 abin tuhuma ne, kuma faɗinsa ya kama daga sama da 2 har zuwa ƙasa da 95 cikin 100, shi ya sa aka sake raba shi uku. 5 ya kusa yaƙini. 6 kuwa na wadda aka riga aka tabbatar mata ne. Ni dai a ganina, da za a koya wa mata karanta wannan lamba ɗaya tak, da an rage rabin kukan da ake yi a farfajiyar asibiti.

Hoto, kome kyansa, ba ya kai mutum ga yaƙini, kuma akwai dalili na sinadari a kan haka: kalsiyam ɗin iri biyu ne, ɗaya mai haɗe da okzalet, wanda kusan kullum na lafiya ne, ɗaya kuma irin na ƙashi, wanda ake samu a cikin mai illa da marar illa duka, hoto kuwa ba ya raba su. Saboda haka idan lamba ta kai 4 ko 5 babu makawa sai an ɗebi ɗan nama an duba. Yadda ake yi shi ne, mace takan kwanta rub da ciki a kan wani gado mai rami, ko ta zauna, a danne maman, a ɗauki hoto ta kusurwa biyu domin kwamfuta ta lissafa zurfin wurin, a yi allurar kashe zafi, sa'an nan a sa wata allura mai kauri ta tsotso 'yan siraran nama. Su kansu sai an ɗauke su hoto a tabbatar ɗige-ɗigen suna ciki, sa'an nan a bar wani ɗan ƙarfe ƙanƙane a wurin don a gane shi gaba. Ba a kwana asibiti, ba a ɗinki. Abin da ya kamata kowa ya riƙe shi ne, a cikin matan da ake yi wa wannan gwaji, mafi yawansu, wajen bakwai ko takwas cikin goma, sakamakonsu yakan fito babu sankara.

A nan ne muke karo da wata magana da ta zauna daram a zukatan jama'armu, cewa ciwon daji, watau sankara, ba ya son ƙarfe, in an taɓa shi da allura ko wuƙa sai ya fusata ya bazu. Ba na ganin masu faɗin haka wawaye ne, domin abin da idonsu ya gani suke faɗa: an kai mace asibiti, an yanka, ba a yi wata shida ba ta rasu. Abin da ba su gani ba shi ne shekara ɗaya ko biyu da ta yi tana ɓoye ciwon a ƙarƙashin mayafi, ana shafe-shafe da turare da jiƙo, har ya fashe, ya riga ya isa huhu da hanta da ƙashi kafin likita ya ɗora masa ido. Sai a ɗora wa wuƙa laifin da jinkiri ya aikata. Binciken da aka yi a kan dubban mata bai nuna cewa gwajin allura yana yaɗa cutar ko yana rage kwana ba. Neman magani kuwa bai saɓa wa tawakkali ba, wannan malamai sun daɗe da yin ittifaƙi a kansa.

Sai dai adalci ya sa a faɗi cewa su kansu likitocin suna da saɓani a wani ɓangare na mas'alar. Ba kowace sankarar da ke zaune a magudana ce za ta fasa bango ba. Wata za ta zauna shiru har mai ita ta tsufa ta mutu da wani sababi dabam, amma da yake ba a iya nuna wacce ce wacce da tabbaci, sai aka saba yi wa kowa tiyata, sau da yawa a haɗa da gashi, wani lokaci a cire maman ɗungum. Wani bincike da aka buga a 2015, wanda ya bi bayanan mata fiye da 100,000 a Amurka, ya nuna cewa bayan shekara 20 kimanin 3 cikin 100 ne sankarar mama ta kashe, amma adadin ya ninka ga baƙaƙen fata da waɗanda aka gano musu kafin shekara 35. Wannan ya sa aka shirya gwaje-gwaje a Amurka da Ingila da Holan don a ga ko za a iya sa ido kawai ga masu nau'i mai sauƙi. Na Amurka, mai suna COMET, wanda ya ƙunshi mata kusan 1,000, ya ba da sakamakonsa na farko a ƙarshen 2024, inda bayan shekara biyu waɗanda aka sa wa ido ba su fi waɗanda aka yi wa tiyata samun sankara mai yaɗuwa ba. Shekara biyu kaɗan ce a rayuwar wannan cuta, kuma sa idon nan yana nufin hoto a kai a kai da likita a kusa. Wanda ya ɗauko wannan sassauci ya kawo wa macen da tsakaninta da na'urar mamogiram akwai tafiyar yini, ya yi ƙiyasi a inda illa ba ɗaya ba ce.

Domin kuwa damuwarmu kishiyar ta waɗancan ƙasashe ce. A Ingila tun 1988 ake gayyatar mata su zo hoto duk shekara uku, yanzu masu shekara 50 zuwa 70, a Amurka kuma shawarar da aka fitar a 2024 ita ce a fara daga shekara 40, duk shekara biyu; su suna muhawara a kan ko sun gano abu da wuri fiye da kima. Mu kuwa, ƙididdigar cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa a 2022 mata fiye da 32,000 ne suka kamu da sankarar mama a Nijeriya, fiye da 16,000 suka rasu, kuma nazarin da aka tattara daga ƙasashen Afirka kudu da Sahara ya nuna cewa kusan uku cikin huɗu suna zuwa asibiti ne a mataki na uku ko na huɗu. Shi ya sa shirin da hukumar ta ƙaddamar a 2021 ya fi ba da ƙarfi ga a gano aƙalla kashi 60 cikin 100 a mataki na ɗaya ko na biyu, a kammala bincike cikin kwana 60, sa'an nan kashi 80 cikin 100 su gama magani. Akwai kuma wani ruɗu da ya kamata a gyara: hoton sikanin da ake yi wa masu ciki, wanda ya wadata a garuruwanmu, yana da amfani ƙwarai wajen duba ƙullutu, musamman ga mata masu ƙuruciya, amma ba ya cika ganin ƙananan ɗige-ɗige, saboda haka cewa an yi sikanin ba a ga kome ba ba ya share abin da mamogiram ya nuna. Haka nan mamogiram mai kyau ba ya share ƙullutun da hannu ya ji.

Ke 'yar'uwa da aka ba ki irin wannan takarda, nemi lambar da ke ƙarshenta, ki tambayi likita ma'anarta da bakinki, kada ki bari kunya ta hana ki. In 2 ce, ki koma harkokinki. In 3 ce, ki rubuta ranar komawa, ki koma ko da ba kya jin kome. In 4 ce ko 5, kada wata ya kama ya mutu ba a ɗebi naman ba. Kai kuma maigida, izini da kuɗin mota da rakiya suna wuyanka, kada ka ce a bari sai bayan kaka. Tsohon hoto kuma, na leda ne ko na faifai, a adana shi inda ruwa da zafi ba za su taɓa shi ba, a tafi da shi duk ranar da za a ɗauki sabo.